Me ya sa maƙwabtana a Finland ba sa tsayawa mu gaisa?

Tambaya: Na zo karatu Tampere a ƙasar Finland. Abin da ya fi damuna ba sanyi ba ne, shirun mutane ne. Na gai da maƙwabcina a matakala har na tambaye shi iyali, sai ya ce "hei" ya wuce. A bas ma kowa ya kama bakinsa. Laifi na yi, ko ƙyamar baƙi ce?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ƙyamar baƙi akwai ta a can kamar ko'ina, amma wannan ba alamarta ba ce, don haka suke yi wa junansu. A wurinsu ƙyale mutum da shirunsa girmamawa ce. Mu in mun haɗu sai mun bi gajiya, iyali, aiki, har da sanyi. Su "hei" ko "moi" da ɗan gyaɗa kai ta gama gaisuwa, kuma maƙwabcinka ya riga ya ba ka haƙƙinka.

Inda ka kuskure shi ne tambayar iyali. Ɗan Finland yana ɗaukar tambaya da gaske. In ka ce "Mitä kuuluu?", wato yaya kake, sai ya zaci labarinsa kake so, don haka ba a yi wa wanda ba a sani ba. Haka in ka ce "sai mun sha kofi wata rana" don daɗin baki, zai jira ka sa rana da lokaci. In ka sa, ka zo a kan minti.

A bas, muddin akwai kujeru biyu babu kowa, kada ka zauna kusa da wani. A tasha ka bar tazarar kamar mita ɗaya ko fiye. In kana neman hanya, fara da "anteeksi", wato gafara dai, ka yi tambayar kai tsaye, ka rufe da "kiitos", wato na gode. Za ka ga sun taimaka sosai, kuma yawancinsu suna jin Turanci.

Abin da ya fi kayar da baƙi shi ne shirun tsakiyar hira. Ka yi magana, mutum ya yi tsit na daƙiƙa biyar, kai kuma ka yi maza ka cike gurbin. To tunanin amsa yake, ka katse shi. Jira. Yawan "haka ne, haka ne" yana cikin magana ma katsewa ce a kunnensu.

Akwai wuraren da baki ke buɗewa. Hutun shan kofi a wurin aiki ko makaranta, da sauna, wato ɗakin wankan tururi mai zafi, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2020. A yawancin sauna na jama'a maza daban mata daban, kuma kana iya ɗaura tawul. Yi zancen yanayi, wasan hoki na ƙanƙara, ko gidan hutunsu na bakin tafki. Bar albashi, addini da "yaushe za ka yi aure" sai an saba. Mutanen gabas, Karelia da Savo, an san su da sakin baki fiye da na yankin Häme da kewayen Tampere.

Maƙwabcin naka kuwa, duba allon sanarwa a ƙofar shiga benenku. Lokacin bazara da kaka akan kira "talkoot", aikin gayya na share tsakar gida, a ƙarshe a sha kofi da tsiran alade, wanda kana iya cewa ba ka ci ba tare da kowa ya ji haushi ba. Ɗauki manjagara ka tsaya kusa da shi, ka bari shi ya fara magana.