Amsa ga Baffa kan auren da za a kawo Ingila

Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Ka aiko daga Kano kana tambaya ko gaskiya ne dokokin kare mata a Turai suna hana Musulmi bin addininsa, tunda wani mazaunin Ingila yana neman 'yarka.

Ta fuskar ibada, mu a nan Ingila ba mu da matsi. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta wa ma'aikata ko makaranta nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, kuma matanmu suna zuwa aiki da hijabinsu. Sai dai kowace ƙasa da tsarinta. Faransa ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta hana niƙabi a bainar jama'a a 2010. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta goyi bayanta a 2014, amma kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2018 hanin ya tauye haƙƙin masu sa niƙabi.

Inda 'ya'yanmu mata suke cutuwa shi ne wajen ɗaurin aure, kuma yawanci sakacinmu ne. Idan aka ɗaura a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar aure a nan Ingila, aka tsaya a nan, a idon hukuma ba a yi aure ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Ranar da aka rabu, matar ba ta da ikon neman rabon dukiya irin na matar aure, ko da ta yi shekara ashirin a gidan. In mijin ya rasu bai bar wasiyya ba, ba ta cikin magada kai tsaye. Wannan abu yana ci mana rai, domin an sa waliyyi da shaidu da sadaki ne don kada mace ta wulaƙanta.

Saboda haka a ɗaura a Kano ya fi sauƙi. Auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, Ingila tana amincewa da shi, matuƙar su biyun sun cika sharuɗɗa. A karɓi takardar shaidar aure a hukumance, sunaye su yi daidai da na fasfo harafi da harafi, a rubuta adadin sadaki da abin da ya rage ba a biya ba. In kuma a nan za a ɗaura, sai su sanar da ofishin rajista, a jira aƙalla kwana 28, sannan a yi na hukuma tare da na masallaci.

Ka bincika sosai ko yana da mata. Ba a ba mata ta biyu bizar aure, kuma wanda doka ta ɗauka mazaunin dindindin ne a nan, aurensa na biyu ba ya inganta ko a ina aka ɗaura. Dole amarya ta kai shekara 18. Tun Fabrairun 2023 aurar da wadda ba ta kai ba laifi ne mai ɗaurin da ke iya kai shekara 7, ko da iyaye sun yarda. Kafin a ba ta bizar aure kuma, ana so shi mijin ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, ita ta ci jarrabawar Turanci, ta yi gwajin tarin fuka.

Allah ya kiyaye, amma a san maganar saki tun yanzu. Sakin da miji ya furta a Ingila ba ya warware auren da hukuma ta sani, sai an bi ta kotu, wanda ke ɗaukar aƙalla wata shida. Khul'i kuma majalisun malamai ne ke yi, kamar wadda ke Leyton a Landan, amma hukuncinsu ba shi da ƙarfin doka. Wadda ta samu ɗaya ta rasa ɗaya, ta zama ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Mijin ya rubuta wasiyyar da ta bi rabon gadon Musulunci, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba sa cikin masu cin gajiyarta, in ba haka ba da dokar Ingila za a raba.