Naira 45,000 da jerin littattafai tara: wanne zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a aji biyu, sashen Nazarin Addinin Musulunci, a jami'a nan Sakkwato. Da dare kuma ina ɗaukar karatu a zauren wani malami a unguwarmu. Mun sauke Iziyya za mu shiga Risala a fiƙihu, muna kuma taɓa Ajuruma a nahawu, wato ƙa'idojin Larabci. Yayana ya ba ni naira 45,000 ya ce in sayi littattafai, kuma ban san ranar da zan sake riƙe irinsu ba. Abin da na rubuta shi ne: matanin Risala (wato ainihin littafin ba sharhi), sharhinta, sharhin Ajuruma, ƙamus na Larabci, Riyadus Salihin, Tafsirin Ibn Kasir, Infakul Maisuri, wani littafi da malamin kwas ya ce mu nema, sai Fathul Bari na hannu da wani yake son sayar mini in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin ba za su isa ba. Wanne zan ɗauka, wanne zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa yayan naka da alheri, ya kuma sanya albarka a karatun.

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, ɗauki jerin nan ka rubuta a gefen kowane littafi sau nawa za ka buɗe shi a mako. Kada ka rubuta yadda kake fata, rubuta yadda karatunka yake tafiya yanzu. Wannan lissafin shi zai raba maka gardama, domin tsadar littafi ba a bakin mai shago take ƙarewa ba. A misali, littafin da ka saya naira 9,000 kana buɗe shi sau huɗu a mako har shekara biyu, ka buɗe shi fiye da sau 400, wato kowace buɗewa ta tsaya maka wajen naira 22. Wanda ka saya naira 3,000 ka karanta sau ɗaya ka ajiye, buɗewarsa ɗaya ta ci 3,000 cif. Na farkon ne mai araha.

Da wannan ma'auni littattafanka za su kasu da kansu. Akwai wanda za ka zauna da shi gaban malam, kana rubuta ma'ana tsakanin layuka, kana komawa gare shi shekara da shekaru. Wannan saya ake yi. Akwai wanda karatu ɗaya ya ishe ka, shi aro ake yi. Akwai kuma wanda leƙawa kawai za ka riƙa yi don neman mas'ala ɗaya ko ma'anar hadisi ɗaya, wannan ɗakin karatu da waya sun ɗauke maka nauyinsa.

Risala ce kan gaba, babu tantama. Littafin Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya taso tun daga aƙida, ya bi ta ibada da aure da ciniki, har rabon gado da ladubba, kuma ba karatun wata uku ba ne. Amma ka rubuta ta sau biyu a jerinka, matani daban sharhi daban, alhali ba lallai ka biya kuɗi biyu ba. Assamarud Dani sharhi ne na mujalladi ɗaya, kuma matanin yana cikinsa, don haka da shi kaɗai za ka iya bin karatu ka kuma yi bita a gida. Manyan sharhohi irin Fawakihud Dawani ka bar su sai ka yi nisa. Sai dai ka tambayi malam tukuna. Wasu malaman zaure ba sa son ɗalibi ya zo da sharhi, sun fi son matani zalla mai faɗin layi da yalwar gefe inda za a rubuta ma'ana da fensir. In malaminka cikinsu yake, ƙaramin matanin bugun gida ba shi da tsada, ka haɗa shi da sharhin. Ka kuma duba bugun da ke hannun malam da sauran ɗalibai. In naka ya sha bamban, duk lokacin da aka ce a buɗe shafi kaza kai kana can kana lalube har a wuce ka.

Na biyu sharhin Ajuruma. Tuhfatus Saniyya ta Muhammad Muhyiddin Abdulhamid ƙaramin littafi ne, bayan kowane babi akwai misalai da tambayoyin gwaji, kuma su ne amfaninsa. Nahawu ba a koyonsa da ido, sai an yi i'irabi, wato tantance matsayin kowace kalma a jimla, da hannu, shi ya sa aro ba ya yi a nan.

Na uku ƙamus, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke yin kuskure. Suna ganin ƙamus kayan ado ne da za a saya in an samu sarari, alhali shi ne yake buɗe duk sauran littattafan. Mu'ujamul Wasiɗ na Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira ana samunsa a mujalladi ɗaya, kuma zai kai ka har bayan digiri. Ka sani an jera kalmominsa ne bisa tushe, wato in kana neman "istigfar" sai ka koma ga harufa ukun asali, gaini da fa da ra. Wanda bai saba ba yakan ce kalmar ba ta ciki, ya jefar da littafin. Mako biyu kana yi za ka saba, kuma wannan sabon da kansa darasin sarfu ne, wato ilimin ginin kalma. Ƙananan ƙamusoshin aljihu kuwa ka rabu da su, kalmomin fiƙihu da kake nema su ne daidai waɗanda ba su ɗauka.

In ka tayar da waɗannan uku ka ga sun cinye kashi biyu cikin uku na kuɗin, ba ka yi asara ba.

Riyadus Salihin, littafin hadisi na Imam Nawawi, ya cancanci saya in akwai saura, domin littafi ne na gida gaba ɗaya, ba naka kai kaɗai ba. Amma da wuya ka rasa shi a masallacin unguwa ko wurin wani ɗan'uwa, don haka zai iya jira.

Tafsirin Ibn Kasir yawanci mujalladi huɗu yake zuwa, shi kaɗai zai iya lashe abin da ke hannunka. In lallai kana son tafsiri a ɗaka, Jalalaini mujalladi ɗaya ne, shi ne kuma wanda aka fi jan baƙi da shi a masallatanmu da azumi. Ko shi ma kada ka bari sai Sha'aban ya raba, lokacin da kowa yake rububin tafsiri da Alƙur'ani kuma mai shago ba ya jin kunyar cewa albarka.

Infakul Maisuri, littafin tarihi na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, bai kamata ɗalibin ilimi a Sakkwato ya gama jami'a bai karanta shi ba. Duk da haka, a matakin da kake aro ya wadatar. Ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan, haka Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu inda ake adana rubuce-rubucen shugabannin jihadi. Ranar da ka zaɓi rubuta kundin kammala digiri a kan tarihin Daular Usmaniyya, ranar ya tashi daga sahun aro ya koma sahun saya.

Littafin kwas kuma, ka je wurin 'yan aji uku ka tambaye su abu biyu: babi nawa aka karanta a cikinsa bara, kuma daga cikinsa tambayoyin jarrabawa suka fito? Sau da yawa babi biyu ne ko uku cikin goma sha biyu. In haka ne, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi guda, ko ka nemi na hannu wurin masu fita a ƙarshen zango, lokacin da suke neman kuɗin mota.

Yanzu ga Fathul Bari, sharhin Sahihul Buhari, wanda muke zaton shi ne ya fi tsaya maka a rai. Shawararmu ka haƙura da shi a bana. Mujalladi goma sha uku ne ban da muƙaddima, kuma Ibn Hajar ya rubuta shi ne ga wanda ya riga ya ƙoshi da nahawu da musɗalahul hadisi (ilimin tantance hadisai) da saɓanin mazhabobi. Mai Ajuruma a hannu zai buɗe shi ne ya rufe. Ga kuma bashi, wanda zai hana ka sayen ƙananan littattafan da za su taso maka a tsakiyar zango. In hadisi ɗaya kake son ganin sharhinsa, manhajar Maktabatus Shamila kyauta ce, ana sa ta a kwamfuta, akwai kuma masu kama da ita na waya, kuma yawancin littattafan cikinta an nuna lambar shafin da ta dace da bugun takarda. Abin lura ɗaya: rubutun cikinta bugawa aka yi da hannu, kuskure yana shiga, don haka duk abin da za ka kafa hujja da shi a aikin makaranta ka je ka gwada shi da na takarda. In kuma mai sayarwar ya matsa kuma farashin ya faɗi ƙasa warwas, to kada ka ba da ko sisi sai ka jera mujalladan ka ƙirga lambobin da ke gadon bayansu, ka buɗe shafin farko na kowanne ka tabbatar maɗaba'a ɗaya ce, shekara ɗaya. Saiti na hannu yakan zo a gauraye, na biyar daga wani bugu, na shida daga wani, sai ka tarar wasu babuka sun maimaitu wasu kuma sun ɓace a tsakani. Saitin da ya rasa mujalladi ɗaya kuwa da wuya ka cike shi, domin ba mai yarda ya fasa nasa ya sayar maka da guda.

Saura yadda za ka duba littafi kafin ka biya, domin mai kuɗi kaɗan ba shi da halin saye sau biyu.

Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi 16 ko 32, sannan a harhaɗa. Shi ya sa in shafuka za su ɓace, ba ɗaya-ɗaya suke ɓacewa ba, dunƙule guda ne yake fita, ka ga an tashi daga 96 an dira 113. Wani lokaci dunƙulen yakan zo sau biyu, ko a kife, ko fuska ɗaya fara fat ba rubutu. Ka riƙe littafin ka saki shafukan a hankali da babban yatsa kana bin lambobi. Minti biyu ne. Sannan ka zaɓi babi biyu daga fihirisa ka ga ko suna shafin da aka ce.

Bayan haka buɗe tsakiyar littafin sosai ka leƙa cikin kwarin. In ka ga zare, ɗinki ne, zai jure. In gam ne kawai, ka tuna inda kake. Zafin Maris zuwa Mayu a Sakkwato yana haura digiri 40, gam mai araha yana bushewa ya karye, hunturu kuma ya ƙarasa shi, sai ka ga shafuka suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Bango mai sheƙi da zanen ruwan zinariya ba ya nuna komai game da ɗinki.

Sai rubutun. Da yawa daga littattafai masu araha hoton wani bugu aka ɗauka aka sake bugawa, kuma kowane ɗauka yana cin wani abu. A boko wannan gajiyar ido ce kawai, a Larabci kuwa ɓarna ce, domin haruffan ba, ta, sa, nun da ya, a farko da tsakiyar kalma, ɗigo ne kawai ya raba su. Ɗigo ɗaya ya goge, kalma ta sauya, hukunci ya sauya. Ka duba ƙananan rubutun ƙasan shafi, can ne lalacewar take fara bayyana. Ka ɗaga takardar ka ga ko rubutun baya yana ratsowa. Kuma tunda har yanzu kana gina nahawunka, matanin da za ka saya ya kasance mai cikakken wasali. Ba kowane bugun Misira ko Bairut ne mai kyau ba, ba kuma kowane bugun gida ne maras kyau ba, idonka ne zai gaya maka. In Alƙur'ani ka tashi saya wata rana, ka faɗi ruwayar da kake so, Warshu ko Hafsu, domin duka biyun suna kasuwa kuma akan miƙa wa mutum wanda ba nasa ba.

Wajen ciniki, ka zaga shago uku a Babbar Kasuwa kana tambaya kafin ka ciro kuɗi, ka kuma duba masu shimfiɗa a bakin manyan masallatai ranar Juma'a, wurinsu ƙananan matanoni suka fi sauƙi. Littafin da aka shigo da shi daga waje farashinsa dala yake bi, tun da aka saki naira a 2023 kuwa kowa ya ga yadda abin ya koma, don haka tsohon kaya da ya daɗe a kanta yakan fi sabon shigowa rangwame ko da bugu ɗaya ne. Ka tambaya ko akwai shi. In ka yanke shawara, ka sayi ukun a wuri ɗaya, ka nemi ragi a kan jimla, ka kuma yi sharaɗi a gaban mai shagon cewa in shafi ya ɓace za ka dawo a musanya. Kada ka rubuta sunanka a ciki sai ka gama dubawa a gida, domin littafin da aka sa wa biro ba ya komawa.

Za ka ji ana cewa Kasuwar Kurmi a Kano ta fi araha. Gaskiya ne can ne manyan dillalai suke, amma kuɗin mota zuwa da dawowa zai cinye ragin littafi uku har ya nemi ciko. Abin yana biya ne in kun kai ku takwas ko goma kuna son littafi iri ɗaya, ku sara, a aiko muku ta hannun direba.

Daga cikin kuɗin ka ware kamar naira 5,000 kada ka taɓa. Da su za ka biya rabonka na littafin kwas, da su kuma za ka kai Risalar wurin mai ɗinkin littafi in ta zo da gam, ya ratsa mata zare ya sa mata bangon kwali tun tana sabuwa, kafin shafin farko ya fita. A ɗaka kuma ka ɗora su kan kanta ko benci, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, musamman in ginin ƙasa ne, saboda gara ta baya take shiga kuma ba ka ganinta sai ta gama da mujalladi. Duk mako biyu ka ɗaga su ka kakkaɓe, da damina kuma ka riƙa duba ƙasan kantar.