Yadda za a tsara kayan kicin da banɗaki a ƙaramin gida

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki yi da kayanki tunda gidan ciki da falo ne, kicin da banɗakin kuma ƙanana. Shawarata ita ce ki fara da bango, domin ƙasa ce ke cika. Ki sa kafinta ya kafa miki kanta biyu a saman inda kike girki, sannan ki rataye ludayi, muciya da matankaɗi a ƙusa. Tukwanen da ba a taɓa su sai da salla ko suna, ki jera ƙarama cikin babba ki ɗaga su can sama.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne hatsi. Ki juye shinkafa, wake da gari a robobi masu murfi, ki ɗora su kan katako, saboda danshin damina da ƙwari suna saurin lalata buhun da ke zaune a kan siminti. Tukunyar gas kuwa ta tsaya a tsaye inda iska ke shiga.

A banɗaki kwandon roba guda na ratayewa ya isa sabulu da soso. Kada ki ajiye magani a can, domin zafi da danshi suna rage ƙarfinsa, kuma ruwan wanke masai ya zauna inda hannun yara ba ya kaiwa.