Kunama da maciji a tsakar gida bayan ambaliya

Tambayar Hajiya daga Kasala a ƙasar Sudan: tun da kogin Gash ya yi ambaliya, kunamu da macizai suke shigo musu gida, me za a yi?

Hajiya, ruwa ne ya cika ramukansu, suka nemi tudu. Fara da wurin kwana. A janye gado daga bango kamar taki ɗaya, a tura bakin gidan sauro ƙarƙashin katifa, kada mayafi ya taɓa ƙasa. Kowace ƙafar gado a sa ta cikin gwangwani mai santsi, don kunama ba ta iya hawan santsi. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. Itacen girki da buhunan dawa a ɗaga su daga ƙasa, domin ɓera ke jawo maciji. Bushiya kuwa a ƙyale ta, tana cin kunama.

In kububuwa ta sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau; ɗaurin yana kashe nama, dafin kuma yana nan. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka ba. Dafinta hana jini daskarewa yake, shi ya sa asfirin haɗari ne, farasitamol kawai.

Harbin kunama ga yara ya fi muni. In yaro ya fara zufa, amai ko dalalar miyau, allurar kashe dafi yake buƙata a daren, kada a jira safiya.