Amsar Baffa kan maganar durƙuso da rigimarka da yayanka

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun jiya, idona ne ba ya son rubutun waya da daddare shi ya sa na bari sai yau. Ka ce kun yi cacar baki da yayanka saboda ka ƙi cire takalmi ka durƙusa wa hakimi ran ɗaurin auren nan, shi yana cewa ka zubar mana da mutunci kai kuma kana cewa ai mutum ne kamar kowa, sannan wani malaminku a jami'a ya ce muku wai wannan shi ne bambancin 'yan hagu da 'yan dama, kana tambaya ko a jini abin yake. Toh zauna ka ji.

Wannan rabon na hagu da dama daga Faransa ya samo asali, a majalisarsu ta 1789 masu goyon bayan sarki suka zauna dama, masu son a kifar da tsarin suka zauna hagu, shikenan suna ya bi su. Amma halin kansa ya girmi Faransa, kowane gida akwai shi. Masana halayyar ɗan adam a Amurka sun daɗe suna auna mutane da tambayoyi, abin da ya fi fitowa a kai a kai shi ne wanda ya karkata hagu yawanci mai son sabon abu ne, baƙon abinci, baƙon gari, baƙon ra'ayi duk ba sa ɗaga masa hankali, shi kuwa na dama ya fi son tsari da sanin inda aka kwana, komai a muhallinsa, alkawari a cika shi a kan lokaci. Akwai wani farfesa Jonathan Haidt da abokan aikinsa da suka fitar da bincike a 2009, suka ce ma'aunan da mutum ke gane daidai da kuskure kusan biyar ne, tausayi, adalci, riƙon amanar dangi ko ƙasa, girmama na gaba, da kiyaye tsarki. Na hagu ya fi jingina a kan biyun farko, na dama kuma duk biyar ɗin yake ɗauka da nauyi kusan ɗaya. Ka ga kenan da ka tsaya ƙerere a gaban hakimi kai lissafin adalci kake yi, me ya fi ni, shi kuwa yayanka wani abu ne ya soke shi a ƙirji tun kafin ya yi tunani, kunya ta kama shi kamar shi aka tsiraita. Ba wai ya fi ka tsoro ba ne ko ka fi shi ilimi, abin da ke fara yi muku ciwo ne ya bambanta.

Maganar jini kuwa, binciken tagwaye ya nuna akwai ɗan gado a ciki amma ba shi ke nan ba, tarbiyya da abin da mutum ya gani da idonsa suna da nasu kason babba. Kuma kar ka hadiye komai, a 2008 an yi ta yayata wai na dama jikinsu ya fi razana idan an nuna musu hoto mai ban tsoro, da wasu suka sake gwajin da mutane masu yawa a 2020 abin bai fito ba.

Mu a nan mun ga abin da idonmu ba sai an karanta mana ba. Kakanka ɗan NEPU ne na gani kashe ni, jam'iyyar da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wansa kuma da suke uwa ɗaya uba ɗaya ɗan NPC ne, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya, bafaden dagaci. Kakanka abin da ke cin ransa shi ne ranar karɓar haraji, ya ga an shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci an ɗora masa dutse, matarsa ta fito da akuyarta ɗaya tilo a kai kasuwa, idan yana ba mu labarin nan har muryarsa rawa take. Wansa kuma ba azzalumi ba ne wallahi, mutum ne mai kyauta, amma shi abin da yake hangowa daban, cewa yake ran da talaka ya daina jin nauyin sarki to ɗa ma zai daina jin nauyin ubansa, wa zai raba rigimar gona, wa zai tsawatar. Kullum da magariba akushi ɗaya suke sa hannu, a yi ta musu har tuwo ya huce, wan ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, ƙanin ya ce ai rimin ma da gumin talaka aka shuka shi.

Ni na yi PRP a 1979 kuma har gobe ina ganin soke haraji da jangali da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya yi daidai ne. Amma abin da ya biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero a 1981 ya nuna mana cewa zuciyar mutane ba ta tafiya da lissafin 'yan boko, ran 10 ga Yuli gari ya kama da wuta, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Cikin waɗanda ransu ya ɓaci da taɓa sarki har da talakawan da aka sauke wa haraji, mutum ɗaya yana ƙin zaluncin hakimi kuma yana kuka idan aka wulaƙanta rawani. PRP ma kanta ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo.

Shi ya sa nake ce maka awon Amurka ba ya zama daram a kanmu. Can ɗan hagu yawanci ya fi nesa da coci, nan kuwa Malam Aminu Kano tafsiri yake yi, da aya da hadisi yake yaƙar sarakuna, kuma shi ne ke cewa a ba mata ilimi da ƙuri'a lokacin da faɗin haka abin zagi ne, Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan. Sannan ga Izala da aka kafa a Jos a 1978, mutanen da kowa zai kira masu tsauri a addini, amma su ne suka fi kowa yaƙar durƙuson nan da kake magana, suna cewa ba a rusuna wa kowa sai Allah. Toh su a ina malaminku zai ajiye su, hagu ko dama? Babangida ma ya gwada a 1989, ya ƙirƙiro SDP ya ce ta ɗan karkata hagu, NRC ta ɗan karkata dama, mutane da yawa suka shiga wadda ubangidansu ya shiga kawai.

Yanzu batun al'adar kanta. Cire takalmi a zauren babba ba na sarauta kaɗai ba ne, ko ɗakin mahaifiyarka ba ka shiga da shi, wannan ka riƙe. Russunawa kaɗan ka gaida wanda ya haife ka ko ya yi jika da kai, hakimi ne ko mai gyaran keke, ba ta rage ka da komai. Faɗuwa ƙasa da zuba kirari don mutum yana da kujera ko kuɗi, wannan ni ma ban yi ba kuma ba zan ce ka yi ba, kakanka ya sha bulala a kotun alƙali a kan irinta. Inda ka yi kuskure shi ne wurin, taron ɗaurin auren ƙanwarku ne, baƙi ne suka zo mana, hakimin nan kuma ya kai shekarun babanku. Ka kira yayanka kafin Juma'a, kar ka tsaya yi masa lacca da turancin jami'a, ka tambaye shi me ya ji a ransa lokacin sannan ka yi shiru ya gama. Idan kun zo hutu ku biyo ta gida tare, akwai katin NEPU na kakanku mai tauraro a cikin adakata zan nuna muku. Ka gaida mamanka, ka ce mata maganin ƙafar nan ya iso.