Asibiti biyu, awo biyu: wane girman ICL zan yarda da shi?

Tambaya: Likita, shekarata 27, lambar gilashina -11. An ce ba za a iya yi mini aikin leza ba, sai dai a dasa mini ICL, wato madubin da ake sakawa a cikin ido. Wani asibiti ya ce girman 12.6 ne daidai da ni, wani kuma ya ce 13.2. Yanzu wani dillali ya ce in tura masa takardar gilashina ta WhatsApp ya yi mini oda a Indiya. Hankalina ya tashi. Wa ya yi kuskure?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, mai yiwuwa babu wanda ya yi kuskure. ICL na kamfanin STAAR girma huɗu kawai yake da shi: milimita 12.1, 12.6, 13.2 da 13.7. Idon da ya faɗo tsakani, na'urori biyu kan iya raba shi.

Yawancin asibitoci suna auna faɗin baƙin ido ne, daga fari zuwa fari, su haɗa da zurfin ɗakin gaba na ido, wato sararin da ke tsakanin tantanin ido da madubin ido na halitta. To amma madubin ba a nan yake zama ba. Ƙafafunsa suna sauka ne a wani kwarmi da ke bayan baƙin ido, kuma awon waje bai cika dacewa da faɗin wannan kwarmin ba. Su kansu na'urorin ba bakinsu ɗaya ba, IOLMaster kan ba da lamba mafi girma fiye da Orbscan a ido ɗaya. Na'urar UBM mai amfani da sauti ita ce ke hango kwarmin kai tsaye, sai dai tana son gwanin hannu. Na'urar OCT irin su CASIA2 ba ta taɓa ido, awonta ba ya yawan canzawa, amma haskenta ba ya ratsa baƙin ido, don haka lissafi take yi. Ni dai idan awo biyu suka saɓa, UBM nake nema.

Maganar dillalin nan ita ce ta fi ci mini rai, domin kullum sai na ji ta. Lambar gilashi ƙarfin madubi take faɗa, ba ta faɗin girmansa ko kaɗan. Mutum biyu masu -11 za su iya buƙatar girma dabam. Abin da muke nema shi ne tazarar da ke tsakanin ICL da madubin ido na halitta ta tsaya tsakanin maikiron 250 zuwa 750 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Idan madubin ya yi ƙanƙanta sai ya kwanta kusa da na halitta, yanar ido ta biyo baya. Idan ya yi girma sai ya bankaro baƙin ido gaba, hanyar fitar ruwa ta ƙuntata, hawan jinin ido ya kama ki, shi kuwa abin da ya cinye na jijiyar gani ba ya dawowa. Dillalin ya karɓi kamashonsa, ke ce za ki dawo gida da ido, sannan wa zai riƙa duba miki tazarar nan?

Ki koma asibitocin biyu ki karɓi takardun awon. Ki tambaye su na'urar da suka yi amfani da ita, da zurfin ɗakin gaba (a Amurka ba a dasawa idan bai kai milimita 3.0 ba), da ƙidayar ƙwayoyin bayan tantanin ido. Sannan ki tambaya ko za su canza madubin idan tazarar ba ta yi ba, kuma wa zai biya.