Wayar da ke mutuwa kafin la'asar: a gwada ta kafin a sayi batir

Hajiya, kin ce Tecno ɗinki mai batir 5000mAh tana cika da asuba, amma kafin la'asar ta mutu kina tsaka da ciniki a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, kuma kina tambaya ko sai an canza batir. Kada ki yi saurin zuwa wajen masu gyara a Adum tukuna. Da yawa daga wayoyin da ake kawowa da wannan kuka batirinsu ƙalau yake, wani abu ne ke zuƙe shi, kuma ko an sa sabo haka za a zuƙe shi.

Gwajin da ke raba gardama a gida ake yinsa, cikin dare biyu. Daren farko ki caja ta zuwa 100, ki zare caja, ki taɓa alamar jirgin sama don layi da data su yanke, ki kashe Wi-Fi da Bluetooth, ki ajiye ta har sallar asuba. Lafiyayyiyar waya kashi biyu ko uku za ta rasa. Dare na biyu ki maimaita, amma ki bar layi da data a kunne. Idan daren farko ta riƙe caji, na biyu kuma ta sauka da kashi 15 ko 20, batir ba shi da laifi: sabis ne ko manhajoji. Idan kuwa tun a daren farko ta zube, sai a zargi batir, ko injin wayar, ko wata manhaja mai aiki a ɓoye.

Batun sabis mutane ba su cika kula da shi ba. Inda sabis ke da rauni, kamar cikin rumfunan kasuwa masu kankare da ƙarfe, waya na ƙara ƙarfin da take aikawa don ta kamo eriya, ta yi ta tsalle tsakanin 4G da 3G. Layi biyu, MTN da Telecel, wahala biyu ce. Alamarsa ita ce wayar ta ɗumama ta sama alhali ba a amfani da ita, kuma a gida a Aboabo ko Asawase cajin ya fi daɗewa. Ki bar layin da kike karɓar kuɗin waya, wato MoMo, da shi, ki kashe ɗayan daga cikin seti har ki tashi kasuwa, data kuma ki kunna ta lokacin buƙata kawai.

Sai ki shiga seti, sashen batir, ki duba jerin abin da ya ci caji. Fuskar waya ce kan zo a sama, wannan ba abin mamaki ba ne. Ki rage haske, ki sa fuskar ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, in kuma saurin sabunta hotonta yana kan 90Hz ko 120Hz ki mayar da shi 60. Abin nema shi ne manhajar da kika buɗe na minti biyar amma ta ci kashi 20. Facebook da TikTok kan yi haka, sai a hana su aiki a bayan fage. A WhatsApp ki kashe saukar da hotuna da bidiyo da kansu, domin zaurukan biki da na 'yan kasuwa ba sa hutawa. Manhajojin nan masu cewa suna wanke waya ko sanyaya batir kuwa, ki goge su duka. Talla suke jawowa dare da rana. Idan kina shakka, ki danne maɓallin kashewa, sannan ki danne rubutun kashewa da ya fito har ta nemi shiga sef mod, inda manhajojin da aka saukar ba sa tashi. In cajin ya daidaita a can, ɓarawon na cikin abin da aka saukar.

Batirin da ya gaji yana da nasa alamomin. Yakan faɗo daga 40 zuwa 15 a lokaci guda, ko wayar ta mutu tana kan 20 da zarar an buɗe kyamara. Batirin litiyam na raguwa da yawan caji. Apple ma ta ce na iPhone 14 zuwa ƙasa kan riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, don haka wayar da ta haura shekara biyu tana aikin yau da kullum ba za ta kai yadda take da ba. Zafi ne ke gaggauta abin, musamman sama da digiri 35: ajiye waya kan tebur a rana, caji a ƙarƙashin matashi, kallon bidiyo tana jone da wuta. Lokacin dumsor, wato ɗauke wuta, ki zare caja, sai wutar ta dawo ta zauna ki mayar, kuma ki guji cazar bakin hanya. Idan murfin baya ya ɗago ko fuskar ta fara rabuwa da jiki, batir ya kumbura. Ki daina caja ta nan take, kada a danne shi, kada a huda shi.

In ta kai ga mai gyara, kafin ya cire batir ki ce ya jona wayar a na'urar auna wuta tana kashe. Bai kamata ta ja komai ba. Idan tana ja, akwai shot a injin, wato wuta na zurarewa ta inda bai kamata ba, sau da yawa daga ruwan sama ko gumi, kuma sabon batir ba zai magance shi ba. Idan batir ne, a duba lambar da ke jikin tsohon, wadda a Tecno take farawa da BL, a sa mai irin lambar daidai. Carlcare, masu gyaran Tecno da Infinix da itel, suna sa na asali. Ki kwafe WhatsApp ɗinki zuwa Google Drive, ki kuma cire layin MoMo kafin ki miƙa wayar.